Kafin Ka Ce "Sai Na Sa An Rufe Ka"

 Ɗana, ba ni aron kunnenka, domin maganar yau ba ta lauyoyi da alƙalai ba ce su kaɗai. Ta duk wanda ke kwana yana tashi cikin mutane ce.

A Yamai, daga Babbar Kasuwa zuwa Katako, daga Wadata zuwa Harobanda, da wuya yini ya wuce ba ka ji wani ya nuna wani da yatsa yana cewa, "Wallahi sai na sa an rufe ka!" Bashi ne ya haɗa su, ko iyakar fili, ko kuɗin adashe, ko 'yar maganar da aka yaɗa a WhatsApp. Mai faɗar yana taƙama da ɗan'uwansa da ke komisariya, ko abokin karatunsa da ya zama jandarma. Sau da yawa barazana ce ta baki, a ba da haƙuri a watse. Amma wani lokaci sai sammaci ya fito, magidanci ya bar shagonsa a buɗe da niyyar ya je ya dawo, iyalinsa ba za su sake ganinsa ba sai ta bayan ƙarfe.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: rufe mutum aikin sa'a guda ne, wanke shi yana iya cin shekara goma. Kamar zubar da gero cikin rairayi ne, yaro ma ya iya zubarwa, tsincewar ce ke gagarar gari guda. Kuma tsakanin rufewa da wankewa akwai bashi mai nauyi: kwanakin da suka salwanta, sana'ar da ta mutu, sunan da ya ɓaci. Wa zai biya? Ɗan sandan da ya kama? Wanda ya kai ƙara? Ko gwamnati? Bari mu duba abin da ya faru a ƙasarmu, ba labarin ƙanzon kurege ba.

A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a yankin Birnin Ƙonni kan jika 240, tana da shekara 12. Wanda ya saye ta ya riƙe ta a matsayin wahaya, ba sadaki, ba ɗaurin aure. Shekara tara tana bauta. A 2005, bayan dokar 2003 ta mai da bautar da ɗan Adam babban laifi a Nijar, ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba inda za ta, wai ai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure tsakaninsu. Ta gaba da ita ta rushe wannan hukunci. Kotun ƙoli ta rushe na biyun, ta ce a sake zama. Ana cikin wannan kai-kawo Hadijatou ta auri wanda ranta ke so. Sai tsohon ubangidan ya nufi jandarmeri ya kai ƙarar aure kan aure. A watan Mayun 2007 kotun Ƙonni ta yanke mata ɗaurin wata shida da tarar jika 50, ita da ɗan'uwanta da sabon mijin. Aka kai ta kaso. Sai a watan Yuli kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yi mata sakin talala.

Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO, kotun kuma ta taso ta zo ta zauna a nan Yamai. Ranar 27 ga Oktoban 2008 alƙalan suka ce hukumomin mulki da na shari'a sun gaza kare ta daga bauta, suka umarci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa, cikin miliyan 50 da ta nema. Duniya ta yi ta tafi. Amma ga wurin da nake so ka buɗe kunne, don shi ne mutane suka manta. Hadijatou ta kuma roƙi kotun ta ce zaman kason da ta yi tsarewa ce ta zalunci. Kotun ta ƙi. Ta ce tun da hukuncin alƙali ne ya kai ta can, tsarewar tana da madogara a doka, ko hukuncin ya dace ko bai dace ba. An biya ta diyyar bauta, ba a biya ta diyyar kaso ba. Maganar aure kan aure kuwa, sai a 2019 wata babbar kotun ƙasar ta yanke cewa abin da ke tsakaninta da wancan mutum ba aure ba ne. Ƙarar da aka rubuta cikin yini guda a ofishin jandarma, shekara 12 ta yi tana bin ta.

Kada kuma ka zaci ɗaukaka ƙara kullum alheri ce ga wanda ke tsare. Ɗauki Moussa Kaka, shugaban Rediyo Saraounia kuma wakilin RFI. An kama shi ranar 20 ga Satumban 2007, ana zarginsa da haɗa baki da 'yan tawayen MNJ saboda maganganun da ya yi da su ta waya. Alƙalin bincike ya yi watsi da muryoyin da aka naɗa, ya ce ba a bi ƙa'ida wajen satar sauraren ba. Mai gabatar da ƙara na gwamnati ya ɗaukaka. A watan Yulin 2008 babban alƙalin bincike ya ce babu abin da za a gurfanar da shi a kai. Aka sake ɗaukakawa, ya ci gaba da zama a kason Yamai. Sai ranar 7 ga Oktoban 2008 kotun ɗaukaka ƙara ta sake shi, shi ma sakin talala, bayan kwana 384. A 2020 kuma 'yar jarida Samira Sabou ta shiga wannan kaso ranar 10 ga Yuni, kan ƙarar ɓata suna da ɗan shugaban ƙasa na lokacin ya shigar. Ranar 28 ga Yuli kotu ta ce laifin bai tabbata ba. Ta fito, amma kwana 48 ba su fito tare da ita ba.

Waɗannan fa sanannu ne. Suna da lauyoyi, gidajen rediyo na ambatonsu safe da yamma. Ka kwatanta da ɗan kabu-kabu ko mai tallar ruwa da ba wanda ya san an tafi da shi sai uwarsa.

To, me doka ta ce game da biyan wannan bashi? Dokarmu ta gaji ta Faransa, kuma can ma an daɗe ana cewa ba a tuhumar gwamnati kan aikin 'yan sandanta. Abin da ya karya wannan al'ada bijimi ne. A 1901, a garin Suk el Arba na Tunisiya, wani sa ya haukace, jama'a suka bi shi, aka yi harbi, harsashi ya sami wani mutum mai suna Tomaso Grecco yana cikin gidansa. Ya ce jandarma ne ya harbe shi, ya nemi diyya. A 1905 babbar kotun da ke shari'a tsakanin gwamnatin Faransa da talakawanta ta yarda ta saurari irin wannan ƙara, abin da a da ba a yi. Daga ranar aka san cewa gwamnati na iya biyan ɓarnar 'yan sandanta. Amma shi Grecco bai sami ko dala ba, don ya kasa tabbatar da cewa harsashin daga bindigar jandarman ya fito. Ƙofa ta buɗe, mai ƙwanƙwasawa ya koma hannu rabbana saboda rashin hujja. Har gobe haka abin yake.

A wannan tsari an raba laifi gida biyu. Akwai kuskuren aiki: an kama Musa a madadin wani Musa, an manta da mutum a ɗaki, takarda ta ɓace. Wannan baitulmali ke biya. Akwai kuma laifin da jami'i ya yi don son ransa: ya karɓi na goro ya rufe wanda aka nuna masa, ko ya rama gayyar da ke tsakaninsu. Wannan a wuyansa yake, kuma kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa na 1961 ne, ya tanadi ɗauri ga ma'aikacin gwamnatin da ya tauye wa mutum 'yancinsa ba bisa ƙa'ida ba. Shi ma mai ƙara bai tsira ba. Kai ƙarar sharri, wato ka je gaban hukuma ka ɗora wa mutum laifin da ka san bai yi ba, laifi ne mai ɗauri da tara, ga kuma diyyar da wanda ka cuta zai nema a kanka. Bayan gyaran 2003, dokar bin shari'ar laifuka ta tanadi diyya ga wanda aka tsare yana jiran shari'a sannan aka wanke shi da hukuncin da ba sauran ɗaukakawa. Tun 1986 kuma Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin jama'a da na siyasa, wadda sashenta na 9 ya ce wanda aka kama ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya.

Za ka ce, to ai an gama, doka ta tanadi komai. Ɗana, tanadi daban, karɓa daban. Shari'a saɓanin hankali ce, kuma ga wuraren da ake faɗuwa.

Na farko, wanke ka ba ya nufin an kama wanda ya kai ka da laifi. Alƙali na iya sakinka don shaidu sun yi rauni, alhali wanda ya kama ka yana da dalilin zargi a ranar da ya kama. In aka ce duk wanda kotu ta saki sai ɗan sanda ya biya, ba wanda zai ƙara kama ɓarawo. Don haka sai ka nuna cewa babu dalili tun farko, ko an san ƙarya ce aka ci gaba. Mugun nufi kuwa a zuciya yake, ba ya sa hannu a takarda.

Na biyu, da zarar alƙali ya sa hannu a takardar kai ka kaso, nauyi ya tashi daga kan ɗan sanda. Zai ce, "Ni na kai shi ne kawai, alƙali ne ya tsare." Abin da ya sami Hadijatou ke nan. Sai fa in ka iya nuna cewa da ƙarya aka ciyar da alƙalin.

Na uku, kotun ɗaukaka ƙara ba ta ga hawayenka ba, ba ta ga ranar da aka jefa ka mota gaban 'ya'yanka ba. Takardu take karantawa. Abin da ba ya cikin fayil, a wurinta kamar bai faru ba.

'Yan'uwanmu na Najeriya, da suka gaji dokar Ingila, suna da nasu salon. Sashe na 35 na tsarin mulkinsu na 1999 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba, a biya shi diyya kuma a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Dokarsu ta 2015 ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta kuma hana kama shi kan rikicin da ba na laifi ba, irin saɓa alkawarin ciniki. A 1989 kotun ƙolinsu ta yanke shari'ar Balogun da Amubikahun. Balogun lauya ne, yana rikicin fili da Amubikahun, sai ya kai wa 'yan sanda cewa abokin rikicin ya turo wata mata ta halaka shi. Daga baya ta bayyana cewa shiri ne. Da aka wanke Amubikahun ya juyo ya yi ƙara. Balogun ya ce ai ba shi ya gurfanar ba, 'yan sanda ne. Kotu ta ce wanda ya ƙulla ƙarya ya tura hukuma, shi ne mai gurfanarwar, kuma shi zai biya. Amma can ma sai mai neman diyya ya tabbatar da abu huɗu: wane ne ya tayar da shari'ar, an ƙare ta da wanke shi, babu dalili mai ma'ana, kuma akwai mugun nufi. Ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi.

Tun da ka ga yadda gyara ke da wuya, ga nasihata kashi uku, don ban san a wace kujera rayuwa za ta zaunar da kai ba.

In kai ne mai ƙara, ka tsaya ka tambayi kanka: haƙƙina nake nema, ko so nake in ga ya wulaƙanta? Bashi ba sata ba ne. Wanda ya ci bashinka ya kasa biya, akwai mai unguwa, akwai liman, akwai dattawan kasuwa, akwai kotun da ke raba rikicin dukiya. Kada ka canza wa bashi suna ka kira shi zamba don kawai a kwana da shi a komisariya. In an yi maka sata, ka faɗi abin da idonka ya gani, ka tsaya nan. Akwai tazara mai nisa tsakanin "an sace mini" da "wane ne ya sace mini". Boka ya ce, ko zuciyata ta ba ni, ba shaida ba ce. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, kuma ka sani shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Ka kuma sani, ƙarar laifi ba taka ba ce bayan ka shigar. Gobe in zuciyarka ta huce ka ce ka yafe, mai gabatar da ƙara na iya cewa shi bai yafe ba. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

In kai ne mai kaki, ɗana, kakin amana ne, ba gado ba. Kada ka zama sandar da mai kuɗi ke aro ya doki maƙwabcinsa. Ka rubuta sa'ar da ka kama mutum daidai, ba sa'ar da ta yi maka daɗi ba. Ka rubuta abin da ya faɗa, ba abin da kake so ya faɗa ba. In bincike ya nuna maka abin da ke wanke shi, ka sa a fayil, ko da zai rushe aikin mako guda. Kada ka riƙe uwa don ɗanta ya gudu. In na sama da kai ya ce ka rufe wane ba takarda, ka nemi takarda cikin ladabi, domin ranar da za a buɗe fayil sa hannunka za a gani, ba muryarsa ba. Kada ka ce masu mulki na bayanka. A zamanin marigayi Tandja Mamadou aka tsare Moussa Kaka. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 aka kifar da Tandja, ya zama shi ne a tsare. A watan Nuwamban shekarar kotun CEDEAO ta ce tsarewarsa ba ta bisa ƙa'ida, amma maimakon saki sai aka kai shi kason Kollo. Sai a watan Mayun 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai, wadda ta saki ɗan jaridar, ta sake shi shi ma. Dokar da ka taka yau, ita za ka nema gobe.

In kuwa kai aka kama, ka natsu. Kada ka yi kokawa, kada ka yi zagi, don kada ka ba su laifin gaskiya a kan na ƙarya. Ka san cewa a laifukan yau da kullum tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, ban da irin shari'ar ta'addanci da wa'adinta ya fi haka tsawo. Kana da haƙƙin lauya, kuma ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ce lauya na iya tsaya wa mutum tun daga lokacin kamawa. Doka ta ce in za a miƙa ka gaban mai gabatar da ƙara, a haɗa da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarka ba. In an taɓa, ka faɗa wa likitan, ka faɗa wa alƙali tun zaman farko. Takardar bayaninka da Faransanci za a rubuta ta. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka an fassara, domin wannan takarda za ta riga ka shiga kowace kotu. Iyalinka su rubuta rana da sa'a, da sunan wurin da aka kai ka, su adana sammaci da duk wata 'yar takarda. In ba ku da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don tallafa wa marasa ƙarfi a shari'a. In an yanke maka hukuncin da ba ka yarda da shi ba, kwanakin ɗaukaka ƙara goma ne. Wanda ya tsaya jiran a tara kuɗin dangi sai ya tarar an rufe ƙofa. Kuma ka sani, tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Hanyar da Hadijatou ta bi ba a buɗe take gare ka kamar da ba. Kotunan gida su ne madogara, don haka ka san hanyoyinsu.

Sannan kada ka yarda da rabin wanka. Mu Hausawa da an sako mutum sai mu ce, "Alhamdu lillahi, a bar wa Allah." Barin wa Allah ibada ce, kuma yafiya halin manya ce. Amma sakin talala ba wankewa ba ne. Fayil na nan a buɗe, ana iya tayar da shi ranar da ka nemi aiki ko ka tsaya takara. Ka bi shari'arka har ƙarshe, ka je wurin magatakardan kotu ka karɓi kwafin hukuncin da ya wanke ka, ka adana shi tare da takardun gidanka. Da shi za ka nemi diyya, da shi za ka rufe bakin masu tsegumi. Ka tuna Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Sharri ya kai shi kurkuku, ya yi shekaru. Da manzon sarki ya zo fitar da shi, bai yi rawar jiki ba. Ya ce a koma a binciki maganar matan da suka ƙulla masa sharrin tukuna. Sai da gaskiya ta fito daga bakin waɗanda suka ƙulla, sannan ya fita. Bayan haka ya yafe wa 'yan'uwansa da suka jefa shi rijiya. Ka lura da jerin: wankewa tukuna, sannan yafiya. In ka yafe bayan an tabbatar da gaskiyarka, ka yi falala. In ka yi shiru tun ba a tabbatar ba, ka koya wa azzalumi cewa abin ba shi da tsada, gobe kuma ɗan wani zai taɓa.

Allah ya tsare ka da kai ƙarar sharri, ya tsare hannunka da sa hannu a kan ƙarya, ya tsare ka da sharrin da ba ka ji ba ba ka gani ba. Ya ba alƙalanmu da jami'anmu tsoronsa a ɓoye da bayyane, ya fitar da duk wanda ke tsare ba da haƙƙinsa ba. Amin.